Ibnun Nafis, malamin fiƙihun da ya gano hanyar jini

Mu 'yan ajin ƙarshe aka ba mu shafin tarihin magabata a littafin bana, kuma mun daɗe muna gardama kan wanda za mu ɗauka. Abin da ya raba gardamar shi ne zuciyar rago. Malaminmu na kimiyya ya aiki ɗayanmu wajen mahauta a kasuwar Arzeke, ya tsaga zuciyar a gabanmu, ya ce kowa ya sa yatsa ya nemi ƙofa a bangon da ya raba ɓangaren dama da na hagu. Muka laluba, ba mu samu ba. Sai ya ce mana likitocin duniya sun yi kusan shekara 1,000 suna cewa akwai ƙofofi a wurin, har wani malami Musulmi ya zo ya ce babu.

Sunansa Ala'uddin Ali ɗan Abil Hazm, wanda aka fi sani da Ibnun Nafis. An haife shi a yankin Dimashƙa ta ƙasar Sham wajajen 1210. Ya yi karatun Alƙur'ani, hadisi, nahawu da fiƙihu kamar yadda muke yi, sannan ya shiga asibitin Nuri na Dimashƙa ya koyi likitanci a hannun babban likita Addakhwar. A lokacin asibitin makaranta ce, ɗalibai na bin malami gado-gado suna duba marasa lafiya, daga baya a zauna a buɗe littafi. Yana saurayi ya koma Alƙahira, kuma a can ya ƙare rayuwarsa. Ya kai matsayin shugaban likitocin Masar, yana kuma karantar da fiƙihun Shafi'iyya a makarantar Masruriyya. Abin da ya ƙara mana sha'awa, zamani ɗaya suka yi da Imamu Nawawi mai Arba'una Hadis ɗin da muka haddace, wanda a hadisi na shida aka ambaci tsokar nan da gyaruwar jiki ke rataye a kanta.

To, ina matsalar take? Likitocin wancan zamani sun gaji iliminsu daga Jalinus, likitan Girka da ya rayu kusan shekara 400 kafin Hijira. Shi ya koyar cewa jini na shiga ɓangaren dama na zuciya, sai ya tsattsafa zuwa na hagu ta wasu ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037, ya bi shi a kan haka cikin littafinsa Alƙanun, littafin da duk mai son zama likita sai ya karanta. Ku duba fa, ɗalibi ya tashi ya ce Ibnu Sina ya yi kuskure, kamar a nan Paraku wani ya ce ya ga gyara a cikin Risala. Ba ƙaramin abu ba ne.

A 1242, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, Ibnun Nafis ya rubuta sharhi a kan babukan halittar jiki na Alƙanun. A ciki ya bayyana cewa bangon nan mai kauri ne, ba shi da ƙofa, ta fili ko ta ɓoye. Jinin da ke dama dole ya fita ta wata babbar jijiya ya tafi huhu, ya bazu a ciki, ya haɗu da iska, sannan ya dawo ta wata jijiyar ya shiga ɓangaren hagu. Ya ƙara da cewa lalle akwai ƙananan hanyoyi a cikin huhu da ke haɗa jijiyoyin biyu, alhali ba wanda ya gan su sai a 1661, bayan an ƙera madubin ganin ƙananan abubuwa. Ya kuma gyara wani wurin: zuciya ba daga jinin da ke cikin ɗakinta take ci ba, tana da jijiyoyinta da ke ratsa namanta suna ciyar da ita. Waɗannan su ne idan suka toshe mutum ya kama ƙirji ya faɗi, a ce ciwon zuciya ne.

Yau abin yana cikin littafin lakwal. Zuciya kamar dunƙulen hannun mai ita take, tana da ɗakuna huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Ɓangaren dama na karɓar jinin da ya gama aiki a jiki ya tura shi huhu. Can jajayen ƙwayoyin jini ke ɗaukar iskar oksijin, shi ya sa jinin ke dawowa ja wur. Ɓangaren hagu, wanda namansa ya fi kauri (mun taɓa mun ji), shi ke harba shi daga kai har yatsun ƙafa. Babban mutum na da jini wajen lita 5, zuciyarsa na bugawa sau 60 zuwa 100 a minti idan yana hutawa, kusan sau 100,000 ke nan a yini da dare.

Gaskiya dai ba duka ya gano ba. Shi ma ya tafi a kan cewa a hanta ake yin jini, alhali a ɓargo ake yinsa. Zagayen jini a jiki gaba ɗaya kuwa William Harvey na Ingila ne ya bayyana shi a 1628. Yadda ya kai ga abin da ya gano ma masana sun yi saɓani, domin shi da kansa ya ambata cewa shari'a da tausayi sun hana shi fiɗar gawa. Wasu na ganin hankali da lura ne kawai, wasu na ganin ya duba zukatan dabbobi.

Mutum ne mai yawan rubutu. Masu tarihi sun ce akan fiƙe masa alƙaluma da yawa a ajiye, ya juya fuskarsa ga bango yana rubutu da ka, in wannan ya dakushe ya ɗauki wancan. An ruwaito cewa wata rana yana tsakiyar wanka a gidan wanka ya fito ya nemi takarda da tawada, ya rubuta bayani a kan bugun jini, sannan ya koma ya ƙarasa wankansa. Ya ƙudurci babban littafi, Asshamil, mai mujalladi 300, ya kammala 80. Ya yi littafi kan ciwon ido, wani kan ilimin hadisi, wani kuma da ya shafi sirar Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Duk wannan a zamanin da Tatar suka rusa Bagadaza a 1258 suka lalata ɗakunan littattafanta.

Wannan ne wurin da ya fi taɓa mu. A gidajenmu, nan da Jugu, har yanzu akwai yaran da ake raba musu hanya: wane na allo, wane na lakwal, kamar ba za su haɗu a ƙirji ɗaya ba. Wasu cikinmu na son shiga sashen likitanci na Jami'ar Paraku, kuma ba duka iyaye suka amince ba tukuna. Muna roƙonsu da ladabi su dubi wannan malami.

Da ciwon ajali ya kama shi, an ce wasu likitoci sun ba shi shawarar ya ɗan sha giya a matsayin magani, ya ƙi, don ba ya son ya gamu da Ubangijinsa da ita a cikinsa. Ya rasu a Alƙahira cikin Zulƙida 687, daidai da Disamba 1288, bayan ya yi waƙafin gidansa da littattafansa ga asibitin Mansuri da Sarki Ƙalawun ya gina.

Bayanin huhun nan ya daɗe a kwance, Turai na jingina shi ga Servetus da Colombo, waɗanda suka rubuta shi bayan shekara 300. Sai a 1924 wani likita ɗan Masar, Muhyiddin Attaɗawi, yana karatu a Jamus, ya ci karo da kwafin sharhin a ɗakin littattafai na Berlin, ya rubuta kundin digirinsa a kansa. Allah ya jiƙan Ibnun Nafis da rahama. Wanda ke son ya ga bangon da idonsa, ya roƙi zuciyar ragon layya kafin ta shiga tukunya.