Likitan da Ya Gano Dangantakar Maƙoƙo da Ƙasar Noma

Jama'a, a wannan fitowa mun ɗauko tarihin wani Bature ne, Dakta David Marine. Da yawanmu ba mu taɓa jin sunansa ba, amma duk wanda ya taɓa sayar da gishirin leda a rumfa ya ci albarkacin aikinsa. Abin da ya sa muka ga ya dace a san shi, kullum muna ganin masu yawo da kwalabe cikin unguwa da tasha, wai ƙwayar ƙarin lafiya ce mai maganin suga da hawan jini da ciwon gaɓoɓi. Hujjarsu ita ce ƙasar noma ta gaji, abinci ba ya da ƙarfi. To, ga mutumin da ya ɗauki irin wannan magana ya ɗora ta a kan sikeli.

An haife shi a 1880 a jihar Maryland ta Amurka, ya taso a karkara. Ya gama karatun likita a Jami'ar Johns Hopkins a 1905, sai ya sami aiki a asibitin Lakeside da ke birnin Cleveland. Da isarsa ya lura da abin da 'yan gari suka saba da shi har ba sa gani: mata da yawa wuyansu a kumbure, kai har karnukan titi na da maƙoƙo.

Bai yi gaggawa ba. Shekaru ya yi yana yanka yana dubawa, daga karnuka zuwa tumaki zuwa kifin da ake kiwo. Ya tarar duk lokacin da sinadarin aidin ya yi ƙaranci a ƙullutun nan na gaban wuya, sai ƙullutun ya kumbura, in an ba dabba ɗan kaɗan sai ya lafa. Asalin matsalar kuwa a ƙasa take. Yankin manyan tafkunan Amurka na nesa da teku, kuma ƙanƙara da ruwan sama sun daɗe da wanke aidin daga ƙasarsa. Ciyawa ba ta samu ba, dabba ba ta samu ba, balle mutum. Wani Bafaranshe mai suna Chatin ya faɗi haka tun wajen 1850, amma manyan masana na ƙasarsa suka yi watsi da shi.

Marine ya nemi gwadawa a makarantun Cleveland, aka hana shi, domin ana ganin aidin guba ne. Sai hukumar makarantun garin Akron ta yarda, aka fara gwajin a 1917. Shi da wani ɗalibinsa, Kimball, suka riƙa ba 'yan mata 'yan makaranta aidin a ruwan sha, kwana goma a jere, sau biyu a shekara. Ga lissafin da ya fito, kuma mu 'yan kasuwa mun san daɗin lissafi. Cikin yara 2,190 da suka sha, 5 ne kawai wuyansu ya kumbura. Cikin 2,305 da ba su sha ba, 495 ne. Wato kusan ɗaya cikin biyar ke nan.

Gwajin ba ya rasa aibi. Ba ƙuri'a aka jefa wajen raba yaran ba, waɗanda iyayensu suka amince su aka ba, kuma likitocin yau ba za su so haka ba. Adadin da ya bayar ma ya ninka abin da jiki ke bukata nesa ba kusa ba, alhali aidin in ya yi yawa shi ma yana tayar da ciwo. Sai dai tazarar 5 da 495 ta fi ƙarfin a ce dace ne. A 1922 aka fara sa aidin a gishiri a Siwizalan, a 1924 jihar Michigan ta bi, maƙoƙo ya yi ta ja da baya. Nan gida Nijeriya a 1993 aka wajabta sa shi a gishirin ci. Wannan ya shafe mu da muke zaune cikin masu cin rogo, don rogon da ba a jiƙa da kyau ba yana ƙara tsananta maƙoƙo inda aidin ya yi ƙaranci.

A ganinmu ƙarfin aikinsa shi ne ya ambaci abu guda da ya ɓace daga ƙasa, ya nuna ciwo guda da rashinsa ke kawowa, sannan ya ƙirga kawuna. Mai kwalba a tasha ba ya yin ko ɗaya. Ba kuma kowane ƙari ne ke da amfani ba. A 1994 wani babban gwaji a ƙasar Finland ya nuna mashaya taba da aka ba ƙwayar sinadarin da ke cikin karas sun fi waɗanda ba a ba su ba kamuwa da sankarar huhu.

A 1920 Marine ya koma asibitin Montefiore a New York, ya shugabanci ɗakin bincike har ya yi ritaya a 1945. Ya mutu a 1976 yana da shekara 96.