Gichin Funakoshi: malamin firamare da ya fitar da karate daga Okinawa

An haifi Gichin Funakoshi ranar 10 ga Nuwamba 1868 a garin Shuri, a tsibirin Okinawa da ke kudancin Japan. Ya taso da yawan laulayi, har danginsa ba su sa ran zai yi tsawon rai ba. Yana makarantar firamare ya yi abota da ɗan wani gwanin faɗan hannu mai suna Anko Asato. Ta nan ya shiga hannun Asato da amininsa Anko Itosu.

A wancan zamani ba a koyar da wannan faɗa a fili. Da dare Funakoshi yake takawa zuwa gidan malaminsa, ya yi atisaye a tsakar gida da hasken fitila. Abin da ake ba shi shi ne kata, wato jerin motsi da aka tsara, wanda mutum ke yi shi kaɗai kamar abokan gaba sun kewaye shi. Sai a maimaita kata ɗaya wata da watanni, wani lokaci ma shekaru, kafin malam ya yarda a wuce gaba.

Ya so ya zama likita, ya kuma ci jarrabawar shiga, amma doka ta ce sai ya aske tukkun gashin da ke nuna asalin gidansu, dangi kuwa suka ƙi. A 1888 ya kama aikin koyarwa a firamare, ya shafe kimanin shekara 30 a aji.

A watan Maris 1921 ya jagoranci nunin karate a fadar Shuri a gaban yarima mai jiran gado, Hirohito. A watan Mayu 1922 aka tura shi Tokyo wajen wani bikin wasanni da ma'aikatar ilimi ta shirya. Jigoro Kano, wanda ya kafa judo, ya gayyace shi ya nuna fasahar a makarantarsa ta Kodokan, jama'a suka nemi ya zauna. Yana da shekara 53 ya bar matarsa a Okinawa, ya tare a masaukin ɗaliban tsibirin da ke Tokyo. Shara da gyaran lambu da gadi yake yi don biyan kuɗin ɗaki. A 1924 ɗaliban Jami'ar Keio suka buɗe kulob ɗin karate, kuma a shekarar ne ya fara ba da baƙar ɗamara irin ta judo.

Koyarwarsa daga ƙafa take farawa. A makarantar da ta samo asali daga gare shi, ɗalibin da ya wuce matakin farko yana da tsayuwa uku da dole su zauna masa a jiki. Zenkutsu-dachi tana ɗora yawancin nauyi a ƙafar gaba, don kutsawa. Kokutsu-dachi tana mayar da nauyin kan ƙafar baya, don ja da kariya. Kiba-dachi kuwa buɗe ƙafafu ne kamar mutum yana bisa doki. Bayan tsayuwa sai tarewa: gedan-barai na share bugun da ya nufo ƙasa, age-uke na ɗage wanda ya nufo fuska, shuto-uke kuma da gefen tafin hannu ake yin sa. Sai an iya waɗannan ake haɗa su da naushi, misali a tare da hannun hagu, a juya ƙugu, a saki gyaku-zuki da na dama. Ƙarfin naushin daga ƙugu da ƙasa yake tasowa, shi ya sa mai karkatacciyar tsayuwa bugunsa ba ya da nauyi.

Kata biyar da Itosu ya tsara wa 'yan makaranta, waɗanda ake kira Pinan, Funakoshi ya sauya musu suna zuwa Heian, ya kuma gabatar da mafi sauƙi a farko. Dukansu da tarewa suke buɗewa, daidai da abin da ya dage a kai duk rayuwarsa, cewa mai karate ba ya fara tsokana. Ya kuma goyi bayan sauya yadda ake rubuta kalmar karate, daga ma'anar hannun ƙasar Sin zuwa hannu marar makami, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Karate-do Kyohan na 1935. Wasu a Okinawa ba su ji daɗin hakan ba.

Almajiransa sun gina masa zauren atisaye a Tokyo suka sa masa suna Shotokan, daga Shoto, laƙabin da yake sa wa rubutattun waƙoƙinsa. A nan ɗansa Gigo ya ƙara wa tsayuwar tsawo da zurfi, ya kuma bunƙasa shurin gefe da na zagaye. Yawancin siffar da ake gani a Shotokan yau aikin ɗan ne.

Shekarar 1945 ta zo masa da rashi biyu: bama-baman yaƙi sun ƙone zauren, tarin fuka kuma ya ɗauke Gigo. Matarsa ta rasu a 1947. Duk da haka tsohon ya sake tara almajiran da suka tsira, kuma a 1949 aka kafa ƙungiyar karate ta Japan, JKA, da shi a matsayin babban malami.

Funakoshi bai taɓa sakin jiki da gasa ba, domin yana tsoron son cin nasara zai kori haƙuri da ladabi. Ya rasu a Tokyo ranar 26 ga Afrilu 1957, yana da shekara 88. Watanni kaɗan bayan haka JKA ta shirya gasarta ta farko ta ƙasa baki ɗaya. Har yau, duk inda ake koyar da Shotokan, Heian na cikin kata na farko-farko da sabon ɗalibi yake koya, kuma motsinsa na farko shi ne ya juya hagu ya tare.