James Esdaile: Likitan da ya yi wa ɗaruruwan mutane tiyata ba tare da allurar barci ba

Kafin shekarar 1846, kusan duk wanda za a yanke wa ƙafa ko a cire masa ƙari a asibiti, idonsa biyu ake yi masa aikin. Ƙarti ne ke danne shi a kan tebur, wani lokaci har a ɗaure shi, a ɗura masa giya ko ofiyam. Gwanin likita a lokacin shi ne wanda ya fi kowa saurin hannu. Mutane da dama sukan gwammace su mutu da cutarsu a gida da su je a sa musu wuƙa.

A wannan zamanin ne wani likita ɗan Sikotlan da ke aiki a Indiya, mai suna James Esdaile, ya ba da rahoton cewa ya yi manyan ayyukan tiyata kusan 300, marasa lafiyar na kwance kamar masu barci, ba tare da an ba su wani magani ba. Yawancin abokan aikinsa sun ƙaryata shi. Sai bayan shekara 150 na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka fara raba gardamar.

Asalinsa

An haifi Esdaile ranar 6 ga Fabrairun 1808 a garin Montrose. Mahaifinsa limamin coci ne. Ya yi karatun likita a Jami'ar Edinbara, wadda ke cikin manyan makarantun likitanci na Turai a wancan lokaci.

Tun yana matashi yake fama da asma da tari. Wannan ya sa ya nemi aiki a ƙasa mai zafi, da fatan ƙirjinsa zai samu sauƙi. Kamfanin Gabashin Indiya, wanda ke mulkin yankin a madadin Birtaniya, ya ɗauke shi aiki, ya isa birnin Kalkata a 1831.

Bayan 'yan shekaru rashin lafiya ta kwantar da shi, ya tafi dogon hutu daga 1836 zuwa 1838. Da ya dawo sai aka ba shi kula da asibitin Imambara da ke Hugli, kimanin kilomita 40 arewa da Kalkata. An kafa asibitin ne da dukiyar wakafin wani attajiri Musulmi, Haji Muhammad Mohsin, kuma talakawa da fursunoni ne mafi yawan masu zuwa.

Fursuna mai gwaiwa

Ranar 4 ga Afrilun 1845 aka kawo masa wani fursuna mai gwaiwar ruwa ta gefe biyu. Maganinta a lokacin shi ne a huda a tsiyaye ruwan, sannan a ɗura wani sinadari mai raɗaɗi a wurin. Da aka yi wa mutumin haka, sai azaba ta ishe shi, ya yi ta murƙususu.

Esdaile ya taɓa karanta labarin wata dabara da likitan nan Bajamushe, Franz Anton Mesmer, ya yaɗa a Turai, amma bai taɓa ganin an yi ta ba. Sai ya zauna gaban fursunan, ya dinga wuce hannuwansa a hankali a kan fuskarsa da ƙirjinsa. Bayan dogon lokaci mutumin ya yi laushi, ya daina nishi. Aka mintsine shi, aka tsira masa allura, bai motsa ba.

Dabarar ba ta da mutunci a idon likitocin Turai. Tun a 1784 wani kwamiti da Sarkin Faransa ya kafa, wanda Benjamin Franklin da Antoine Lavoisier ke ciki, ya yanke hukuncin cewa babu wani ɓoyayyen ƙarfi da ke fita daga jikin mai yi ya shiga jikin mara lafiya, kamar yadda Mesmer ya yi iƙirari. A Landan kuma, babban likita John Elliotson ya bar kujerarsa a asibitin jami'a a 1838 saboda an hana shi amfani da ita. Esdaile ya san haka, amma ya ci gaba.

Yadda ake yi

Ana kwantar da mara lafiya a ɗaki mai duhu, a ce ya rufe ido ya nemi barci. Wani ya zauna ta wajen kansa, ya sunkuya yana hura masa numfashi a hankali, yana wuce hannuwa daga kai zuwa ciki. Akan ɗauki awanni ana yi, wani lokaci a yi ta maimaitawa kwana da kwanaki kafin mutum ya nutse yadda za a iya sa masa wuƙa.

Aikin na gajiyar da mutum ƙwarai. Ba a jima ba Esdaile ya daina yi da kansa, ya koya wa samarin Indiyawa ma'aikatan asibitin, Hindu da Musulmi. Su ne suke kwantar da marasa lafiya, shi kuma ya zo ya yi yankan.

Aikin da ya fi yin suna da shi shi ne cire kumburin maraina da cutar tundurmi ke haddasawa. Sauro ne ke yaɗa ƙananan tsutsotsin da ke kawo cutar, kuma har yau ana fama da ita a sassan Najeriya da Nijar. A Bengal ta wancan lokaci akwai mazan da kumburin ya hana su tafiya, ya raba su da sana'a da iyali. Ɗaya daga cikin waɗanda ya cire ya kai nauyin kusan kilo 47.

A lissafinsa, ya yi irin wannan aikin sau 161, kuma waɗanda suka mutu ba su wuce kashi 5 cikin ɗari ba, alhali a da kusan rabin waɗanda ake yi wa ne ke mutuwa. Alƙaluman nasa ne shi kaɗai, ba a kwatanta su da wani rukunin marasa lafiya ba kamar yadda binciken zamani ke yi. Amma labari ya bazu, mutane suka riƙa takowa daga ƙauyuka masu nisa suna neman a yi musu. A 1846 ya wallafa littafinsa mai suna Mesmerism in India, inda ya jera ayyuka 73 da ya ce an yi ba tare da zafi ba.

Dauriya ce ko rashin zafi?

Masu suka sun ce marasa lafiyar suna dannewa ne kawai don su faranta wa Baturen likita rai. Wasu ma suka ce Indiyawa ba sa jin zafi kamar Turawa, maganar da ta fito daga raini irin na mulkin mallaka.

Sai dai akwai tambaya ta gaskiya a cikin sukar, wadda duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai gane. Ɗan sharo yana shan bulala yana murmushi. Yaro yakan cije a gaban wanzami. Mai naƙudar fari takan haɗiye kuka saboda kunya. Dukkansu suna jin zafin, shiru kawai suka yi. To, ta yaya za a bambance wanda ya daure da wanda bai ji ba?

Mataimakin gwamnan Bengal, Herbert Maddock, ya kafa kwamitin likitoci da manyan jami'ai a 1846 domin su gani da idonsu. An kawo marasa lafiya 10 a Kalkata. Uku daga ciki dabarar ba ta kama su ba, aka sallame su. Ɗaya ƙaramin aiki aka yi masa. Cikin shidan da aka yi wa babban aiki, uku sun kwanta lamo har aka gama. Sauran ukun sun yi ta motsi da yamutsa fuska, amma da suka farka suka ce ba su ji komai ba.

Sakamakon bai gamsar da kowa gaba ɗaya ba, amma ya isa gwamnati ta ba shi ƙaramin asibiti a Kalkata a watan Nuwambar 1846, domin gwaji na shekara guda. Da wa'adin ya cika aka rufe shi, duk da takardar koke da ɗaruruwan mazauna birnin suka sa wa hannu. A 1848 jama'a suka tara kuɗi aka buɗe wani. A shekarar ce kuma Gwamna-Janar Dalhousie ya ƙara masa girma zuwa ɗaya daga cikin manyan likitocin gwamnati a Kalkata.

Maganin sa barci ya sha gabansa

Ranar 16 ga Oktoban 1846, a birnin Boston na Amurka, William Morton ya shaƙa wa wani mara lafiya sinadarin eta, aka cire masa ƙari a wuya a gaban taron likitoci. A Nuwambar 1847 James Young Simpson ya fara amfani da kulorofom a Edinbara.

Waɗannan magunguna suna aiki cikin mintuna, a kan kusan kowa, kuma ba sa buƙatar mutum ya kwana yana wuce hannu a kan mara lafiya. Suna da nasu haɗarin, har an samu mace-mace, amma cikin ƙanƙanin lokaci suka mamaye asibitocin duniya, har da na Kalkata. In da kuɗi sai a sayi magani, a huta da jira.

Shi ma Esdaile ya ƙara wa masu suka hujja. Ya tsaya kai da fata cewa wani ƙarfi ne ke fita daga jikin mai yi, har ya yarda ana iya zuba shi a ruwan sha. A 1852 ya rubuta littafi yana kare masu cewa wanda aka kwantar yana iya ganin abin da ke ɓoye. Wani ɗan ƙasarsu, likita James Braid da ke Manchesta, ya riga ya bayyana tun 1843 cewa abin yana faruwa ne a cikin kan mara lafiyar, ta hanyar tattara hankali wuri guda. Daga rubuce-rubucen Braid ne sunan hifnosis ya yaɗu, kuma bayaninsa ne ya tsaya.

Esdaile ya bar Indiya a 1851 ya koma Perth a Sikotlan. Manyan mujallun likitanci ba su ba shi fili ba, sai mujallar Elliotson mai suna The Zoist. A 1853, lokacin da majalisar dokokin Amurka ke duba wanda ya cancanci lada kan gano tiyata ba zafi, ya aika mata takardar ƙorafi cewa ya riga masu eta. Ba a kula shi ba. Sanyi ya tayar masa da ciwon ƙirji, ya koma Sydenham a kudancin Landan, inda ya mutu ranar 10 ga Janairun 1859 yana da shekara 50.

Abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna

A 1997 Pierre Rainville da Catherine Bushnell da abokan aikinsu a Montreal ta Kanada suka wallafa wani bincike a mujallar Science. Sun sa mutane cikin hifnosis, suka tsoma hannunsu a ruwa mai zafin digiri 47, na'urar PET na ɗaukar yadda jini ke gudana a ƙwaƙwalwarsu. Wani zubin a ce musu zafin zai dame su ƙwarai, wani zubin a ce ba zai dame su ba, alhali zafin ruwan bai canza ba.

Sashen ƙwaƙwalwar da ke karɓar saƙo daga fata, ya tantance inda zafin yake da ƙarfinsa, bai canza ba. Amma wani sashe da ke can ciki ta gaba, wanda masana ke kira singulet, ya riƙa ƙara aiki ko ragewa daidai da abin da aka faɗa wa mutumin. Wannan sashen yana da hannu a damuwa da ƙuncin da ke tare da ciwo. A 2001 masu binciken suka sauya maganar, suka ce wa mutanen ƙarfin zafin ne zai ragu ko ya ƙaru, sai sashe na farkon ma ya motsa.

Wato zafi ba saƙo ɗaya ba ne da ke tafiya kai-tsaye daga rauni zuwa kai. Ƙwaƙwalwa ce ke haɗa shi, kuma magana da tattara hankali suna iya rage shi tun a can. Abin da mutanen suka ce sun ji ya dace da abin da na'ura ta gani.

A Liège ta Beljiyam, likitar sa barci Marie-Elisabeth Faymonville ta fara haɗa hifnosis da allurar kashe zafin wuri da ɗan maganin kwantar da hankali tun 1992, kuma an yi dubban ayyuka a haka, ciki har da na maƙoƙo. A 2000 mujallar Lancet ta buga gwajin da Elvira Lang ta jagoranta a Amurka a kan marasa lafiya 241, inda waɗanda aka yi wa hifnosis suka sha kusan rabin maganin da waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kawai suka sha.

Binciken ya kuma tabbatar da abin da kwamitin Kalkata ya gani, cewa ba kowa dabarar ke kamawa ba. Masana na ƙiyasta cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai ke nutsewa sosai. A wani binciken Jami'ar Stanford na 2016, sai da aka tantance mutum 545 kafin a zaɓi 57 da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu da na'urar MRI.

Akwai bambanci tsakanin salon Esdaile da na yau. Nasa na awanni ne, kusan ba magana, na yanzu kuwa da magana ake yinsa cikin mintuna. Babu kuma likitan da ke cewa a ajiye allurar barci. Majinyacin da aka kwaso daga Chetimari ko wani ƙauye na bakin Komadugu zuwa babban asibitin Diffa domin tiyata, magani da ƙwararren mai sa barci yake buƙata. Abin da binciken ya ƙara shi ne, kalaman da ma'aikacin jinya ke faɗa masa kafin a fara, da yadda aka kwantar masa da hankali, suna cikin abubuwan da ke ƙara masa zafin ko su rage.

Esdaile ya yi kuskure a bayanin yadda abin ke aiki, amma bai yi kuskure ba da ya saurari talakawan Bengal lokacin da suka ce zafin ya ragu. An binne shi a maƙabartar West Norwood da ke Landan. Asibitin Imambara na Hugli, inda aka kawo masa fursunan nan, yana nan yana karɓar marasa lafiya har yau.