Tarihin Marigayi Doris Miller, Kukun Da Ya Zama Gwarzo

'Yan'uwa mazauna birane, a bana mun kawo muku tarihin wani ɗan talakawa da ya ɗaukaka sunan garinsu.

An haifi Doris Miller ranar 12 ga Oktoba, 1919, a Wako ta jihar Teksas, Amurka. Iyayensa manoma ne. Ya shiga sojan ruwa a 1939, zamanin da ba a ba baƙar fata wani aiki a rundunar sai girki da hidimar hafsoshi.

Ranar 7 ga Disamba, 1941, jiragen Japan suka auka wa sansanin Pearl Harbor. Miller, yana cikin jirgin West Virginia, ya ɗauke waɗanda suka jikkata, har da kyaftin ɗin jirgin, sannan ya kama bindigar kakkaɓo jiragen sama, wadda ba a taɓa koya masa ba, ya yi ta ɓarin wuta. A 1942 Admiral Nimitz ya maƙala masa lambar jarumta ta Navy Cross, wadda babu baƙar fatar da ya samu kafinsa.

Daga bisani aka tura shi kuku a Liscome Bay, jirgin ruwa mai ɗaukar jiragen yaƙi. Ranar 24 ga Nuwamba, 1943, jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya harbe shi kusa da tsibirin Makin. Ma'ajin bama-bamansa ya fashe, ya nutse cikin minti 23 da mutane 644. Ba a ga gawar Miller ba.

Mutanen Wako sun gina masa wurin tunawa a bakin kogi, kuma a 2020 aka sanar da sa sunansa ga sabon jirgi mai ɗaukar jiragen yaƙi. Mu ma kada mu raina aikin kowane ɗan garinmu.