Amburos na Milan: Gwamnan da Ya Koya wa Ikilisiya Waƙa, Ya Kira Sarki Zuwa Tuba

Kowace shekara ranar 7 ga Disamba tana faɗowa a cikin lokacin Adben, wato Lahadi huɗun da muke jiran zuwan Almasihu kafin Kirsimeti. A wurinmu lokaci ne na hunturu, an gama kaka, ƙungiyar mawaƙa tana gwajin waƙoƙi da yamma, dattawa kuma sun sanar da ranar da za a ci Jibin Ubangiji. A wannan rana ce ikilisiyoyi da yawa a duniya suke tunawa da Amburos, bishop na birnin Milan a ƙasar Italiya, wanda ya rasu a shekara ta 397. Mun zaɓi tarihinsa domin abubuwa biyu da muke yi a wannan lokaci, waƙar jama'a da zuwa teburin Ubangiji, su ne abubuwan da ya sa ransa a kansu.

Daga ofishin gwamna zuwa kujerar bishop

An haifi Amburos wajen shekara ta 339 a birnin Tiriya, wanda yake cikin ƙasar Jamus a yau. Mahaifinsa babban jami'in daular Roma ne. Da mahaifin ya rasu, sai uwarsu ta koma birnin Roma da 'ya'yanta uku: Marsalina, Satirus da Amburos. A can ya yi karatun shari'a da iya magana a gaban jama'a, ya kuma koyi Helenanci. Ya yi aikin lauya, wajen shekara ta 372 kuma aka naɗa shi gwamnan wani lardi a arewacin Italiya, hedkwatarsa tana Milan, birnin da sarakunan Roma na yamma suke yawan zama a zamanin.

Gidansu gidan Kirista ne, amma har ya zama gwamna ba a yi masa baftisma ba. A wancan zamani manyan ma'aikata da yawa sukan jinkirta baftisma, su zauna shekara da shekaru a matsayin da mu za mu kira 'yan ajin baftisma.

Ikilisiyar Milan kuwa a rabe take. Wasu suna bin koyarwar Ariyus, wanda ya ce Ɗan halitta ne, ba daidai yake da Uba ba. Sauran suna riƙe da bangaskiyar da taron Nikiya ya shaida a shekara ta 325, cewa Yesu Almasihu Allah ne na gaskiya, ɗaya da Uba. A shekara ta 374 bishop na Milan, wanda yake ɓangaren Ariyus, ya mutu. Aka taru a majami'a don zaɓen magajinsa, gardama ta yi zafi har ana tsoron tarzoma. Gwamna Amburos ya shiga domin ya kwantar da hankalin mutane. Yana cikin magana sai taron ya fara kiran sunansa, ɓangarorin biyu suka haɗa baki a kan shi suke so ya zama bishop.

Ya ƙi, har ya yi ƙoƙarin ɓuya. Ya san gargaɗin Manzo Bulus a 1 Timoti sura 3 game da ɗora sabon tuba a kan shugabanci. Amma da sarki ya amince da zaɓen jama'a, sai ya miƙa wuya. Aka yi masa baftisma, bayan mako guda kuma, ranar 7 ga Disamba 374, aka keɓe shi bishop. Ya rabar da dukiyarsa ga ikilisiya da matalauta, ya zauna a gaban wani dattijon limami mai suna Simfilisiyanus yana koyon Littafi Mai Tsarki. Bai ɓoye wa mutanensa ba cewa an sa shi koyarwa tun bai gama koyo ba.

Ƙoƙon Jibi da kuɗin fansa

A shekara ta 378 mutanen Got suka ci rundunar Roma da yaƙi a Adiriyanoful, suka kwashe mutane da yawa bayi. Amburos ya sa aka farfasa wasu kwanonin zinariya na majami'a, aka narkar da su, aka fanshi kamammu da kuɗin. Abokan gābansa suka zarge shi da wulaƙanta kayan Allah. Amsarsa ita ce ikilisiya tana da zinariya ne domin ta kashe a kan mabukata, kuma ƙoƙon da yake ɗauke da shaidar jinin fansa ba a taɓa yin amfani da shi yadda ya dace ba kamar ranar da ya kuɓutar da mutum daga hannun masu kisa. Mu da muka san yadda ikilisiya take zagaya da kwano domin ɗan'uwan da aka sace a hanya ko a gona, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu.

Makon da jama'a suka kwana suna waƙa

Babbar jarrabawa ta zo a shekara ta 386. Sarki Balentiniyan na Biyu yaro ne, uwarsa Yustina ce take riƙe da ragamar fāda, ita kuwa tana goyon bayan koyarwar Ariyus. Fāda ta bukaci a ba su majami'a guda a Milan domin su yi tasu sujadar Ista. Amburos ya amsa cewa in dukiyarsa ko ransa sarki yake so, ga su nan, amma gidan Allah ba nasa ba ne balle ya bayar. Ya kuma hana mutanensa ɗaukar makami ko taɓa kowa.

A Mako Mai Tsarki sojoji suka kewaye majami'ar. Jama'a suka shiga suka ƙi fita, maza da mata, tsofaffi da yara, dare da rana. Domin kada tsoro da gajiya su karya musu zuciya, Amburos ya raba su kashi biyu, wannan gefe ya ba da baitin Zabura, wancan ya amsa, kamar yadda ikilisiyoyin Gabas suke yi. Ya kuma koya musu waƙoƙin da shi da kansa ya tsara. Wasu sojojin ma suka shigo suka yi addu'a tare da su. Kafin Ista fāda ta janye sojojinta.

Waƙoƙin nan gajeru ne: baiti takwas, kowane baiti layi huɗu, kowane layi gaɓa takwas. Wanda bai iya karatu ba zai iya haddace su a zama ɗaya ko biyu. A cikinsu kuwa ya zuba koyarwar Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, har mai sayar da kifi a kasuwa ya iya furta bangaskiyar da malamai suke ta muhawara a kai. Abokan gābansa suka ce ya sihirce mutane da waƙa. Bai musa ba, ya dai ce ikon da yake cikin waƙar shi ne shaidar Allah Uku Cikin Ɗaya a bakin dukan jama'a.

A cikin waɗanda suka kwana a majami'ar akwai wata gwauruwa daga Afirka ta Arewa mai suna Monika. Ɗanta Agustin, malamin iya magana ne a Milan, yana zuwa jin wa'azin Amburos amma bai riga ya ba da gaskiya ba. A daren Ista na shekara ta 387 Amburos ya yi masa baftisma. Daga baya Agustin ya rubuta cewa waƙoƙin ikilisiyar Milan sun sa shi kuka. Shi ne ya zama bishop na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau.

Ɗaya daga cikin waƙoƙin Amburos, wadda ake kira Veni Redemptor Gentium da Latinanci, ta zama waƙar Adben. Tana magana a kan haihuwar Almasihu daga budurwa, da daidaitarsa da Uba, da hasken da ya fito daga komin dabbobi. A zamaninsa lokacin Adben bai riga ya zauna da tsarin da muka sani ba, sai a ƙarnonin da suka biyo baya, amma da ya zauna sai waƙar ta sami gurbinta a ciki. Martin Luta ya juya ta zuwa Jamusanci, aka buga a 1524, ta zama waƙar Lahadi ta fari ta Adben a ikilisiyoyin Lutheran. A Milan kuwa har yau ana bin tsarin sujada mai ɗauke da sunan Amburos, inda Adben yake ɗaukar mako shida.

Sarki a gaban teburin Ubangiji

Amburos yakan tara sababbin masu baftisma kowace rana a makon Ista yana bayyana musu ma'anar gurasa da ƙoƙo. Ya koya musu cewa Amin ɗin da mai bi yake faɗa sa'ad da ya karɓa shaida ce cewa abin gaskiya ne, saboda haka kada baki ya faɗi abin da zuciya ba ta riƙe ba. Ya tsauta wa masu zuwa Jibi sau ɗaya a shekara. A ganinsa mai ciwo ba ya gudun magani, mai zunubi kuma kullum yana bukatar jinin Almasihu. Sai dai zuwan yana tafiya da tuba.

Wannan koyarwa ta gamu da gwaji a shekara ta 390. A birnin Tasalonika, wanda Bulus ya rubuta wa ikilisiyarsa wasiƙu biyu, taron jama'a suka kashe shugaban sojoji domin ya kulle wani mai tseren karusa da suke ƙauna. Sarki Tiyodosiyus, Kirista mai riƙe da bangaskiyar Nikiya, ya husata ya ba da umarnin ramuwa. Sojoji suka auka wa mutane a filin wasa ba tare da bambanta mai laifi da marar laifi ba. Wani marubucin tarihin ikilisiya na ƙarni na 5, Tiyodoret, ya ce mutum wajen 7,000 suka mutu.

Mu lura da yadda Amburos ya bi da al'amarin. Bai fara da tona sarki a bagade ba. Ya rubuta masa wasiƙa da hannunsa, domin sarki kaɗai ya karanta. Ya tuna masa da Dauda, wanda annabi Natan ya fuskanta, ya kuwa amsa laifinsa. Ya gaya masa cikin ladabi cewa ba zai iya miƙa Jibin Ubangiji ba in sarki yana wurin, sai ya tuba. Wannan sarki yana da ikon kore shi ko kashe shi, kuma shi ne babban mai kāre ɓangaren da Amburos yake ciki. Duk da haka bai sassauta ba.

Tiyodosiyus ya karɓi horon. Ya ajiye kayan sarauta, ya zo majami'a a matsayin mai tuba, ya yi kuka a gaban jama'a saboda zunubinsa. Watanni suka wuce yana waje da teburin. A Kirsimetin shekara ta 390 aka sāke karɓarsa ga Jibin Ubangiji. Makonnin da mu muke kira Adben a yau, shi ya yi su ne cikin tuba yana jiran a buɗe masa hanya. Da ya rasu a Milan a 395, Amburos ne ya yi wa'azin jana'izarsa, abin da ya fi yabonsa a kai kuwa shi ne bai ji kunyar tuba a fili ba.

Inda ya yi kuskure

Ba za mu ɓoye laifinsa ba. A shekara ta 388 wasu Kirista a garin Kallinikum, a bakin kogin Yufiretis, suka ƙone majami'ar Yahudawa. Tiyodosiyus ya umarta bishop na garin ya sāke gina ta. Amburos ya matsa wa sarki, har ya ƙi ci gaba da hidimar Jibi sai da aka janye hukuncin. Umarnin sarki shi ne adalci, Amburos ne ya kauce. Makamin da ya yi amfani da shi daidai a kan kisan Tasalonika, shi ne ya yi amfani da shi a nan ya kāre masu ƙone wurin ibadar maƙwabtansu. Mu da muka ga abin da wuta take yi wa wuraren ibada, muna bukatar wannan gargaɗi: ikon hana Jibi amana ce, mai riƙe da ita ma yana iya yin zunubi da ita.

Ƙarshensa, da namu shiri

Amburos ya yi shekara 22 da 'yan watanni yana bishop. Ranar Jumma'a Mai Kyau ta 397 yana kwance ba lafiya, ya miƙe hannuwansa kamar gicciye yana addu'a. Wani bishop abokinsa, Honoratus, ya kawo masa Jibin Ubangiji. Da ya karɓa sai ya cika, da asubar Asabar, 4 ga Afrilu. Kabarinsa yana Milan, a majami'ar da ya gina, wadda take ɗauke da sunansa.

Ga abin da za mu ɗauka zuwa sujadarmu ta wannan Adben. Waƙa ta dukan ikilisiya ce. Aikin ƙungiyar mawaƙa shi ne ta ɗaga jama'a su rera, don haka masu zaɓen waƙoƙi su tambayi kansu ko tsohuwar da take bencin baya za ta iya amsawa, ko kuma waƙar tana koyar da wanene Almasihu. Teburin kuma ƙofarsa ɗaya ce ga kowa. In muna sa yarinya marar gata a ƙarƙashin horo, muka kuwa kau da kai daga mai kuɗin da ya ba da buhunan siminti na ginin majami'a, ba mu bi sawun bishop na Milan ba. Fastoci da dattawa su fara da magana a keɓe, da nufin komo da ɗan'uwa, kamar yadda wasiƙar nan ta yi.

Mu sauran kuma, kafin ranar Jibi, bari kowa ya karanta 1 Korantiyawa sura 11 daga aya 23 zuwa 29, ya gwada kansa. Wanda yake riƙe da bashin wani ya je ya daidaita, wanda ba ya gaisawa da maƙwabcinsa ya taka zuwa ƙofarsa. Kada kunya ta sa kowa ya zauna a gida ranar. Ubangijin da muke jira ya ba mu zuciyar tuba, ya karɓe mu a teburinsa. Amin.