Ladi Kwali: Maginiyar da Suleja ta fitar da sunanta duniya

Duk wanda ya juya bayan takardar naira ashirin zai ga wata mace duƙe a kan tukunya, hannuwanta cikin laka. Ita ce Ladi Kwali. Ma'aikatan da ke barin Suleja da asuba su nufi ofisoshin Abuja sun san sunan a matsayin titi a Wuse, amma ba kowa ya san cewa a garin da suke kwana ta yi aikin da ya kai ta jikin kuɗin ƙasa ba.

An haife ta wajen shekarar 1925 a Kwali, ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce. A hannun wata 'yar'uwar iyayenta ta koya tun tana ƙarama. Ba da na'ura ake yi ba. Maginiya kan ɗora curin laka, ta riƙa zagaya shi tana jan bango sama, tana ƙara muɗaɗɗen yumɓu zobe bisa zobe, har randa ta tashi da cikinta da wuyanta daidai wa daida. Kafin ta bushe sai a yi mata zane da tsinke da murzajjiyar igiya, sannan a gasa a fili da itace da ciyawa. Ladi ta yi fice wajen zanen: ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi da tsuntsu, kowanne zaune cikin gurbinsa tsakanin layuka. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda daga sunansa aka samo Suleja bayan an ba sabon babban birni sunan Abuja, ya tara tukwanenta a fadarsa.

A fadar ne Michael Cardew, magini daga Ingila da gwamnatin mulkin mallaka ta ɗauka jami'in harkar tukwane, ya ga aikinta. Ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a garin cikin 1952, kuma a 1954 Ladi ta shiga, mace ta farko a cikin maza.

Nan ne labarinta ya yi kama da na masu zayyana tufafi a manyan gidajen ado na Turai. Gidan yana da sunansa da salonsa da masu sayensa, kuma wanda aka ɗauka aiki yakan rasa inda zai sa nasa hannun. A daidai wannan zamani, a Faris, Yves Saint Laurent ya gaji gidan Dior a 1957 yana da shekara 21, amma bai wuce 1960 a can ba, bayan salonsa ya saɓa da abin da gidan ya saba sayarwa. Cibiyar Abuja ma tana da manufarta: a horar da maza su yi faranti da kofuna da butocin shayi a kan faifan da ake juyawa, irin kayan da sabbin ma'aikata za su saya. Ladi ta koyi wannan duka, ta kuma iya. Sai dai idan aka zo babbar randa, takan koma hanyar Kwali, ta zagaya laka da ƙafarta kamar yadda ta taso tana yi. Cardew, ya kamata a ba shi haƙƙinsa, bai hana ta ba.

Abin da ya fito sabo ne. Siffa da zane na Gbagyi, laka kuwa mai jure wuta, an cike tsagin zanen da farar ƙasa, an shafe shi da ruwan gilashi mai sheƙi, an gasa a rufaffen murhu mai tsananin zafi. Amma an yi asara a ciki. Randar gargajiya tana sanyaya ruwa ne domin jikinta na tsatsafa; wadda aka shafe ba ta tsatsafa, ga nauyi, ga tsada. Ta tashi daga kayan tsakar gida ta zama abin ajiyewa a falo da gidan tarihi, kuma matan da suka gada wa Ladi sana'ar ba su ne masu sayenta ba. Har yau masana na jayayya ko cibiyar ta ɗaukaka fasahar Gbagyi ne ko ta karkatar da ita zuwa idon baƙi. Ga dukkan alamu duka biyun sun faru.

An baje kolin aikinta a Landan a 1958, 1959 da 1962, ta kuma zagaya Ingila da Amurka tana gina randa a gaban jama'a, ita da ba ta yi karatun boko ba. Tukwanenta suna ɗauke da hatimin haruffan sunanta, LK, abin da maginan ƙauye ba su saba yi ba. Zuwanta ya buɗe wa wasu mata ƙofar cibiyar, irin su Halima Audu da Asibi Ido.

Ingila ta ba ta lambar MBE, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, gwamnatin tarayya kuma ta karrama ta a 1980 da 1981. Ta rasu a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, shekara guda bayan Cardew. Cibiyar da ke Suleja tana ɗauke da sunanta.