John Michell: Limamin Ƙauyen da Ya Hango Baƙin Rami

A cikin watan Afrilu na 2019 masana taurari suka nuna wa duniya hoto na farko na abin da ake kira baƙin rami, wato wuri a sararin sama inda ƙarfin janyowa ya tsananta har haske kansa ba ya iya kuɓucewa. Mutumin da ya fara lissafa cewa irin wannan abu zai iya kasancewa limamin ikkilisiya ne a wani ƙauyen Ingila, ya kuwa yi haka shekara 236 kafin a nuna wannan hoto.

An haifi John Michell a ranar Kirsimeti ta 1724 a ƙauyen Eakring, inda mahaifinsa yake limamin Ikkilisiyar Angilikan. Ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, ya koyar a can, aka kuma keɓe shi domin aikin ikkilisiya. A 1750 ya wallafa littafi a kan maganaɗisu. Bayan girgizar ƙasar da ta rushe birnin Lisbon a 1755, ya yi rubutu a 1760 yana bayyana cewa girgiza tana ratsa ƙasa kamar yadda igiyar ruwa ke ratsa tafki. A wannan shekara aka zaɓe shi cikin Ƙungiyar Masana ta Sarauta da ke Landan, a 1762 kuma ya zama farfesan ilimin duwatsu.

Ya bar kujerar farfesa a 1764 da ya yi aure, amma shekara guda kacal matarsa ta rasu, ta bar masa jaririya. A 1767 aka ba shi kiwon ikkilisiyar Thornhill a arewacin Ingila. A nan ya zauna shekara 26 yana wa'azi, yana baftisma, yana ɗaura aure da binne matattu. Abin da ya rage masa na lokaci sai ya ba lissafi da ƙera madubin hangen taurari.

A watan Nuwamba na 1783 aka karanta wa Ƙungiyar Masana wata doguwar wasiƙa da ya aika wa abokinsa Henry Cavendish. Hujjarsa mai sauƙin bi ce. Dutsen da yaro ya jefa sama yakan dawo, domin ƙasa tana janyo shi. Kafin abu ya tsere wa ƙasa gaba ɗaya, sai ya tashi da gudun kilomita 11 a daƙiƙa. Gwargwadon nauyin tauraro, gwargwadon gudun da ake bukata. Michell ya lissafa cewa tauraron da ya kai rana cunkushewa, ya kuma fi ta faɗi sau 500, zai riƙe haskensa, ko da yake haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa. Irin wannan tauraro yana nan, amma ido ba zai gan shi ba.

To, yaya za a san da abin da ba a gani? Michell ya amsa cewa a lura da taurari masu haske. Idan aka ga ɗaya yana kewaya wurin da babu kome a fili, akwai wani abu mai nauyi a ɓoye. Ta wannan hanya ce masana suka gane, a farkon shekarun 1970, cewa abin da ake kira Cygnus X-1 baƙin rami ne.

A wuri guda lissafinsa ya kauce. Ya bi ra'ayin Isaac Newton cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne da nauyi zai iya rage musu gudu. Da aka bar wannan ra'ayi a ƙarni na 19, sai aka manta da taurarinsa masu duhu. Albert Einstein ne a 1915 ya nuna cewa nauyi yana lanƙwasa sarari da lokaci, Karl Schwarzschild kuma ya fitar da lissafin a 1916. Bisa ga wannan lissafi, da za a matse rana ta zama baƙin rami, faɗinta ba zai wuce kilomita 6 ba, tazarar da mai ƙafa zai ci daga Apo cikin awa ɗaya da rabi.

Tambayar da ya buɗe ba ta rufu ba. A 1974 Stephen Hawking ya lissafa cewa baƙin rami yana fitar da ɗan zafi. A 1996 Andrew Strominger da Cumrun Vafa suka yi amfani da ka'idar tsirkiya, wadda ke ɗaukar cewa tushen kowane abu wasu zarurruka ne ƙanana ƙwarai masu kaɗawa kamar tsirkiyar garaya, suka sami amsar da ta dace da ta Hawking ga wani nau'in baƙin rami. Har yanzu gwaji bai tabbatar da wannan ka'ida ba.

Michell ya rasu ranar 21 ga Afrilu, 1793. Na'urar da ya ƙera domin auna nauyin duniya ta faɗa hannun Cavendish, wanda ya yi gwajin a 1798, ya kuma ambaci mai na'urar a rubutunsa, amma sunan Cavendish gwajin yake ɗauke da shi har yau. Ba a san ko hoto ɗaya na fuskar Michell ba. Sai a shekarun 1970 aka tono wasiƙarsa aka ba shi matsayinsa.

Iyaye da yawa suna fargaba idan ɗansu ko 'yarsu ta zaɓi kimiyya, kada ilimi ya raba ta da bangaskiya. Michell ya riƙe bagadi da madubin taurari har mutuwarsa, bai saki ɗaya domin ɗaya ba. Ya yi aikinsa da aminci a inda aka ajiye shi, yabon mutane kuwa ya zo bayan ya yi kusan shekara 180 a kabari.